Wa Ke Riƙe Da Dayis Ɗin? Tarihin Sa'a A Cikin Wasannin RPG



Yau ba setin waya za mu taɓa ba, ba kuma dabarar rage shan data ba. Tarihi za mu ɗan shiga, amma tarihin wani abu da yake zaune cikin wayarka yanzu haka.

Ka taɓa buga gem irin na yaƙi, aka rubuta maka a allo cewa saran da za ka kai yana da damar samun abokin gaba kashi 90 cikin 100, ka danna, jarumin naka ya sari iska? Ka ce to tsautsayi ne, ka sake dannawa, ya sake sarar iska. Nan take ranka ya ɓaci, ka ce wallahi gem ɗin nan coge yake yi. Ko kuma ludo na waya: ka jefa sau goma siki ta ƙi fitowa, ƙwayoyinka duk suna gida, abokin karawarka kuwa har ya kusa zagayewa.

To zargin naka bai faɗi ƙasa banza ba, sai dai ba ta inda kake tsammani ba ne. Gaskiya ne manyan wasanni da dama suna sa hannu a dayis a ɓoye. Amma a da yawa daga cikinsu, ɗan wasa ake taɓa wa, ba kwamfuta ba. Gem ɗin da ya bar maka sa'a tsagwaronta, ba gyara ba ƙari, shi ne ma ya fi shan zagi. Yadda aka yi aka zo nan labari ne na shekara 200, kuma ƙarshensa ya shafi aljihunka.

Bari mu fara daidaita kalmomi. RPG shi ne wasan da kake shiga rigar wani jarumi, ƙarfinsa da wayonsa da zafin namansa duk a rubuce suke da lambobi, yana yaƙi yana girma yana tara makamai. Dayis kuwa ka san shi, ɗan ƙwayar nan mai fuska 6 da ake kaɗawa a jefa a ludo. Shi kansa ludo ɗin daga wani wasan Indiya mai suna Pachisi ya samo tushe, aka yi masa rajista a Ingila a 1896, daga can ya bazu har ya iso mana.

Kakan RPG ba a ɗakin wasa aka haife shi ba, a barikin soja ne. A 1824, a masarautar Prusiya, wadda daga baya ta zama ƙashin bayan ƙasar Jamus, wani matashin hafsa mai suna Georg von Reisswitz ya gabatar wa manyansa wani wasan koyon yaƙi da ya gada wurin mahaifinsa ya inganta. Sunansa Kriegsspiel. A shimfiɗa taswira, a jera ƙananan tubala a matsayin runduna, hafsoshi su ba da umarni. Idan runduna ta buɗe wuta, sai a jefa dayis a duba jadawali a ga mutum nawa suka faɗi. Dalilin sa dayis shi ne, a filin daga umarni ɗaya ba ya haifar da sakamako ɗaya kullum: albarushi ya jiƙe, doki ya firgita, hazo ya sauko. Ban da dayis akwai kuma alƙali, wanda yake tsakiya yana yanke hukunci. Riƙe waɗannan biyun a ranka, dayis da alƙali, domin kokawarsu ita ce duk labarin. Tun a 1876 ma wani hafsa, Verdy du Vernois, ya ce lissafin nan ya yi yawa, a ajiye dayis a bar gogaggen alƙali ya yanke da hankalinsa.

Daga soja wasan ya faɗa hannun fararen hula masu sha'awa. A 1974 wasu Amurkawa biyu daga cikin irin waɗannan, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fitar da Dungeons & Dragons. Kwafi 1,000 kacal aka buga a karon farko. Abin da suka yi shi ne rage runduna ta koma mutum ɗaya: kai ne mayaƙin, abokinka shi ne matsafin, ku shiga kogo neman dukiya. Ba allo ba waya, takarda ce da fensir da baki. Sai dayis kala-kala, mai fuska 4, mai 6, mai 8, mai 12, da sarkinsu mai fuska 20.

Mai fuska 20 ɗin nan shi ya kamata ka gane. Kowace fuska tasa kashi 5 cikin 100 ce. Idan sulken dodo yana buƙatar ka jefa 15 ko sama kafin takobinka ya shige shi, fuskoki 6 ke nan suke maka aiki, 15 zuwa 20, wato kashi 30. Ka samu takobi mai ƙarin maki 2, yanzu 13 ta isa, ka koma kashi 40. Wannan lissafin ne har gobe yake ƙarƙashin yawancin lambobin da kake gani a allon RPG.

Tun a kan tebur aka fara lallashin sa'a. Wajen fitar da ƙarfin jarumi, ba dayis ɗaya ake jefawa ba, uku ne masu fuska 6 a tara. Me ya sa? Dayis ɗaya ba shi da ɗa ba shi da jika, 1 da 6 duk ɗaya ne a wurinsa. Amma idan uku ne, 18 tana fitowa sau 1 ne cikin 216, haka ma 3, yayin da 10 ko 11 suke cinye kwata na dukkan jifa. Ka ga ke nan yawancin jarumai za su fito tsaka-tsaki, gwarzo da raggo su zama na jefi-jefi. Duk da haka mutane ba sa son tsaka-tsaki, sai littafin dokokin 1979 ya kawo hanyar jefa huɗu a yar da mafi ƙanƙanta. Bugun 2014 kuma ya zo da dokar cewa in kana da fifiko a kan abokin gaba, ka jefa mai fuska 20 guda biyu ka ɗauki babba. Abin da yake rabi da rabi sai ya koma kashi 75. Duk wannan a fili ake yi, kowa na gani.

Wanda ba a fili ba shi ne aikin alƙali. A Dungeons & Dragons akwai mai jan ragamar wasa, shi ke ba da labari, shi ke jefa wa dodanni dayis, kuma yawanci a bayan wani kwali yake jefawa. In ya ga jifar za ta kashe jarumin yaron da yau ya fara wasa, yana iya kallon 20 ya ce ai dodo ya kuskure. Masu wasan tebur har yau suna jayayya ko wannan tausayi ne ko ha'inci. Amma dai alƙalin mutum ne, yana kallon fuskarka, ya san lokacin da ranka ya fara ɓaci.

Sai kwamfuta ta shigo. Tun a 1975 ɗalibai suka fara kwaikwayon wasan a kan na'urar PLATO ta Jami'ar Illinois. Wizardry da Ultima suka fito a 1981, Japanawa suka ɗauka suka yi Dragon Quest a 1986 da Final Fantasy a 1987. Nan aka ci karo da matsala biyu. Ta farko, kwamfuta ba ta iya jefa dayis.

Eh, ba ta iya ba. Kwamfuta baiwar umarni ce, abin da aka ce ta yi shi take yi, ba ta san wani abu wai shi bazata ba. Abin da 'yan gem ke kira RNG lissafi ne kawai da yake fitar da lambobi masu kama da na bazata. Ɗauko kalkuletar wayarka mu gwada wata tsohuwar hanya da masanin lissafi John von Neumann ya kawo a ƙarshen shekarun 1940. Rubuta 5731 ka ninka ta da kanta, za ka samu 32844361. Ciro lambobi huɗu na tsakiya, 8443. Ninka wannan da kanta, 71284249, na tsakiya 2842. Haka za ka yi ta tafiya. Wanda ya ga 5731, 8443, 2842 zai ce ba su da alaƙa, alhali duk wanda ya fara da 5731 dole nan zai biyo. Lambar farkon nan ita ake kira iri, kamar irin shuka. Hanyoyin yanzu sun fi wannan inganci nesa ba kusa ba, misali Mersenne Twister da wasu Japanawa biyu, Matsumoto da Nishimura, suka ƙirƙira a 1997, amma ƙa'idar ba ta sauya ba: iri ɗaya, amfani ɗaya. Shi ya sa ake yawan ɗebo irin daga agogon na'ura, don ya riƙa bambanta.

Tsofaffin wasanni ma wasu ba sa wahalar da kansu. Doom na 1993 jerin lambobi 256 ne kawai aka rubuta masa, yana bin su ɗaya bayan ɗaya, in ya kai ƙarshe ya dawo farko. Pokémon Emerald na 2004 kuwa kullum aka kunna shi daga iri ɗaya yake farawa, sifili. Da masu naci suka gano haka, sai suka koma auna lokacin danna maɓalli daidai da ƙiftawar ido, suna kamo dabbobi masu launi na musamman waɗanda a ƙa'ida 1 cikin 8,192 ne. Akwai kuma kuskuren da ya fi ba ni dariya, na Pokémon na farko a 1996. Gem ɗin yana zaɓar lamba daga 0 zuwa 255, in ta gaza lambar saitin harin, an samu. Harin da aka ce kashi 100 ne lambarsa 255. To in aka zaɓo 255 ɗin fa? Ba ta gaza kanta ba, sai a kuskure. Wato harin da ba ya kuskure yana kuskurewa sau 1 cikin 256. Wanda ya ce an cuce shi a nan bai yi ƙarya ba, amma ba mugunta ba ce, ɗan kuskuren rubutu ne.

Sanin maganar iri zai warware maka wani abu. A XCOM: Enemy Unknown na 2012, wanda ɗan'uwan RPG ne na jini, in sojanka ya ɓarar da harbi ka koma inda ka adana wasa ka sake harbawa, zai sake ɓararwa, ko sau ɗari ka maimaita. Ba tsana ba ce. Sun adana irin ne tare da wasan, don su toshe wa masu komawa baya har sai sa'a ta zo. Sai dai in ka sauya tsari, wani soja ya fara harbi, shi zai cinye waccan muguwar lambar.

Matsala ta biyu ta fi ta farko girma, kuma ba ta kwamfuta ba ce, tamu ce. An kwashe dayis an zuba a na'ura, amma an baro alƙali a waje. Babu mai kallon fuskarka. Sai ga sa'a tsirara, mu kuwa 'yan Adam ba ma jure ta.

Duba ludo ɗin nan. Damar a jefa sau 10 a jere ba siki ta kai kashi 16 cikin 100, kusan sau 1 cikin 6 ke nan. Abu ne na yau da kullum, ba shaidar maguɗi ba. Harin kashi 95 kuwa, in ka kai shi sau 20, damar ka kuskure aƙalla sau ɗaya kashi 64 ce. Amma ƙwaƙwalwa tana karanta 95 a matsayin tabbas. Sau 19 da ka samu ba za ka tuna ba, ɗayan da ka kuskure jaruminka ya mutu shi za ka ba abokanka labari har shekara. Kuma sa'a ta gaskiya tana zuwa ne a dunƙule, alheri a jere, tsiya a jere, mu kuma muna tsammanin za ta riƙa karɓa-karɓa.

Ko a waƙa ka ga wannan. Apple a 2005 da Spotify a 2014 duk sun gyara tsarin cakuɗa waƙoƙinsu, saboda mutane suna ƙorafin mawaƙi ɗaya yana fitowa a jere. Cakuɗar gaskiya ce take kawo haka. Sai da aka rage mata gaskiya sannan mutane suka yarda da ita.

Sid Meier, mai wasan Civilization, ya ba da labarin nasa karon a wani taron masu ƙera gem a San Francisco a 2010. Lokacin da suke gwajin Civilization Revolution, mai gwaji yana da ƙarfi 3 abokin gaba yana da 1, aka cinye shi, ya zo yana ƙorafi. A lissafi dole ya faɗi sau 1 cikin 4. Amma in shi ne mai 1 ya kayar da mai 3, ba ya cewa komai, gwanintarsa ce. Suka gyara. Sai ga ƙorafin cewa an faɗi sau biyu a jere a yaƙin 2 da 1, suka sa gem ya riƙa tuna sakamakon baya. Ka ga alƙali ya dawo ke nan, amma yanzu a rubuce yake cikin manhaja.

Wanda ya fi burge ni a wayo shi ne Fire Emblem na Nintendo. Tsofaffin fitowarsa lamba ɗaya suke zaɓa, abin da ka gani a allo shi ne gaskiya. Daga The Binding Blade na 2002 sai suka koma zaɓar lamba biyu tsakanin 0 da 99, su raba tsakiya, sannan su gwada da lambar allo. Ka tuna dayis uku da suke taruwa a tsakiya? Dabarar ke nan. Sakamakon shi ne, in an rubuta 70, gaskiyarta 82.3 ce. In an rubuta 80, 92.2 ce. 90 kuwa 98.1. Ta ƙasa kuma abin ya juye: 30 tana nufin 18.3, 10 tana nufin 2.1. Tunda jarumanka su ne galibi masu babban saiti, abokan gaba kuma masu ƙarami, ribar taka ce ta kowane ɓangare. Ba a rubuta wannan a allo ba, masu tonon cikin gem ne suka fito da shi. Lambar ƙarya ce, amma ta dace da abin da zuciya take ji in ta ga 80.

Warcraft III na 2002 ya bi ta wata hanya, Dota 2 ya gaje ta. Makamin da aka ce yana yin mugun sara kashi 25, saran farko kusan kashi 8.5 ne kawai. In bai fito ba, na biyu 17, na uku 25 da ɗoriya, haka yake hawa har na 12 ya zama dole. Da ya fito sai a koma ƙasa. In ka tara duka kashi 25 ɗin ce, ba a ƙara ba a rage ba, an dai hana ta dunƙulewa. Wannan a wurina shi ne mafi tsafta, domin lambar allo ba ta yi ƙarya ba. XCOM 2 na 2016, wanda aka fi zagi da cewa yana cuta, a matakan sauƙi ƙara wa sojanka saiti yake yi a ɓoye in ya yi ta ɓararwa. Sai a mataki mafi wuya ne yake janye hannu gaba ɗaya.

Da'irar ta rufe a Baldur's Gate 3 na kamfanin Larian da ke Beljiyam. Shi dokokin Dungeons & Dragons yake bi kai tsaye, har dayis mai fuska 20 yake nuna maka yana juyawa a allo. An fara sayar da shi tun bai kammala ba a Oktoban 2020, ƙorafi ya yi yawa cewa dayis ɗin mugu ne, sai a 2021 suka ƙara wani zaɓi na rage jerin faɗuwa. Da cikakken gem ɗin ya fito ranar 3 ga Agustan 2023, zaɓin yana nan da sunan Karmic Dice, kuma a kunne yake zuwa. Ga inda gizo ke saƙa: abokan gaba ma suna cin wannan tausayin. In ka lafta wa jaruminka sulke har dodo sai ya jefa 19 ko 20 kafin ya taɓa shi, tsarin zai ga dodo yana ta kuskure, ya ce kai wannan bawan Allah ba shi da sa'a, ya tallafa masa. Wahalarka ta tara sulke ta ragu ke nan. Don haka in kana buga shi a kwamfuta ko PlayStation kuma da sulke ka dogara, shiga setin wasan ka kashe shi. Abin da na yaba wa Larian shi ne sun sa wa abin suna, sun ba ka maɓalli.

Duk waɗannan wasanni ne da ka saya sau ɗaya. Mai su ba ya ƙaruwa da faɗuwarka, so yake ka ji daɗi ka sayi na gaba. Lissafin ya sauya ne da RPG ya sauko waya kyauta, aka koma sayar da jifar dayis ɗin kanta.

Sunan tsarin gacha. Kalmar Japananci ce, daga ƙarar injin nan da ake saka tsaba a murɗa ya sako ƙwallon roba da abin wasa a ciki. Kunnen Bahaushe dai ya ji wata kalma mai kama da ita, kuma bai yi nisa da gaskiya ba, domin a 2018 hukumar kula da caca ta Beljiyam ta ce akwatunan sa'a da ake saya da kuɗi a wasu wasanni caca ce. Kana biya, a murɗa maka, ko jarumi mai tauraro 5 ko tarkace.

Japan ce ta fara ganin illar. A 2012 hukumar kare masu saye ta haramta wani salo da ake kira kompu gacha, inda sai ka haɗa cikakken jerin kaya kafin a ba ka babbar kyauta. Gwada da dayis ka ga tarkon: kafin ka ga duk fuskoki 6, a matsakaici sai ka yi jifa kusan 15, kuma 6 daga ciki neman fuskar ƙarshe kaɗai ne. Ka samu biyar da wuri, ka ga kamar saura ƙiris, ashe nan ne ramin. Sai kuma rikicin Granblue Fantasy a farkon 2016, bayan wani ɗan wasa ya nuna wa duniya kai tsaye yadda ya murɗa sama da sau 2,000, ya kashe kimanin dala 6,000, kafin ya samu jaruma guda da aka tallata. Kamfanin Cygames ya ba da haƙuri, ya kafa rufi: ka murɗa 300, ka zaɓi wanda kake so. Chaina ta wajabta bayyana lambobin sa'a daga Mayun 2017, Apple ya sa dokar a App Store a Disambar 2017, Google Play ya biyo a 2019.

Yanzu dubi Genshin Impact, wanda miHoYo na birnin Shanghai ya fitar a Satumban 2020. Damar samun mai tauraro 5 a murɗi ɗaya 0.6 ce cikin 100. Da a haka aka bar ta, cikin mutum 100 da suka murɗa sau 90, kusan 58 za su tashi a tutar babu. Sai aka sa rufi a 90, dole ya fito. 'Yan wasa da suka tara bayanai kuma sun gano cewa daga wajen murɗi na 74 damar take fara hawa da sauri, irin dabarar Warcraft ɗin nan. Amma wanda ya fito kusan rabi da rabi ne ko shi ne wanda aka tallata. In ba shi ba ne, na gaba tabbas ne. Mafi munin hali ke nan murɗi 180, kowane ɗaya Primogem 160, jimla 28,800. In da kuɗi zalla za ka saya ya haura dala 300. Buga shi da canjin yau ka gani.

Rufin nan alheri ne, ban musa ba. Amma kar ka ɗauka irin tausayin alƙalin tebur ne. Mutumin da yake murɗi na 65 kuma tallan zai sauka gobe, shi ne mafi sauƙin sa hannu a aljihu a duniya, domin yana ganin saura ƙiris, kuma a nan da gaske saura ƙiris ɗin ne. Dabarar da aka ƙirƙira don kar ranka ya ɓaci ita ce ta koma igiyar da ke riƙe da kai.

Akwai wata ɓarnar da ta fi ɓoyuwa. Wanda ya taso da waɗannan wasanni jikinsa ya saba da cewa 80 kusan tabbas ce, kuma bayan faɗuwa da yawa nasara ta kusa. A cikin Fire Emblem da Genshin haka ne, domin wani ya zauna ya rubuta ya zama haka. Dayis na hannu ba shi da wannan. Ka jefa sau 20 ba siki, jifa ta 21 har yanzu 1 cikin 6 ce. Shagon cacar ƙwallo ma ba shi da rufi, tikiti 50 da suka yage ba su ƙara wa na 51 komai ba.

Kuma hannun da zai iya ɗaga maka dayis zai iya danne shi. A Janairun 2024 hukumar kula da adalcin kasuwanci ta Koriya ta Kudu ta ci kamfanin Nexon tarar won biliyan 11.6, kusan dala miliyan 9, galibi a kan MapleStory. Ta gano cewa tun 2010 suke rage damar fitowar abubuwan da aka fi so a wani kaya da ake saya da kuɗi ba tare da sanar da kowa ba, wasu haɗe-haɗen ma an mayar da damarsu sifili, mutane suna ta biya suna neman abin da babu shi. Daga Maris ɗin 2024 bayyana lambobin sa'a ya zama doka a ƙasar.

Don haka kafin ka sa ko sisi a irin wannan gem, nemi ɗan maɓallin bayani da ke jikin tallan murɗi, yawanci a ƙasa yake da ƙananan haruffa. In gem daga App Store ko Google Play yake kuma yana sayar da sa'a, dole lambobin su kasance a rubuce. Duba damar murɗi ɗaya, ba jimlar da aka cakuɗa da rufi ba. Genshin misali yana nuna 0.6 yana kuma nuna 1.6, ta biyun da rufi a ciki. Duba ko akwai rufi, da kuma ko rufin yana ba ka ainihin wanda kake nema ne ko kowane mai tauraro 5. Sannan ka duba ko ƙidayar tana bin ka zuwa talla na gaba. A Genshin tana bin ka, in ka tsaya a 65 yau, tallan jarumai na gaba daga 66 za ka ɗora. A Granblue ba ta bi, in ka tsaya a 299 aka sauke tallan, ƙidaya ta koma sifili.